Hajiya ta ɗaure notikan saiti

"Wa ya taɓa min wannan?"

Haka maigidana Abban Hanif ya faɗo kicin yana huci, riƙe da madubin saitin bindigarsa.

Tun da council, ƙaramar hukumar da yake wa aiki, ta rage musu kwanakin aiki ya shiga club ɗin harbi a nan Manchester. Madubin tsohon yayi ne, saitinsa ba a ciki yake ba, wasu notika ne a jikin mazauninsa ake murzawa a hankali. Ya daɗe yana daidaita su saboda gasar ranar Asabar. Ni ko ƙurar madubin an hana ni gogewa.

Mahaifiyarsa, da ta zo mana weekend daga Erdington, ta ɗago daga gyaran alayyahu.

"Ni ce. Duk sun yi sako-sako, na ɗaure maka su tam. Injiniya guda, abu yana lilo a gidanka?"

Na gyara tsayuwa in sha kallo. Bawan Allah ya ce, "Sannu da aiki, Hajiya."

Ranar Asabar ya samu tsakiyar target daidai, amma na Baturen da ke gefensa.

Don Allah ku faɗa min, da ni na ɗaure, wace irin sannu zan samu?