Layin da likita ya ja a ƙafata

Assalamu alaikum. Wata takwas ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu cewa na samu wuri a Doha na manta da mutane, na yafe muku. Ƙafata na kusa rasawa.

Ni ɗan bakin kogin Kaduna ne. A can muka koyi iyo, mu dawo gida ido jajur a zane mu, gobe mu koma. Mata na wanki suna shanya a kan duwatsu, mu kuma muna kama tarwaɗa da hannu. Kafin in gama sakandare ruwan ya fara sauya kala, yau shuɗi gobe ja saboda rinin masana'antu, ga leda ga bola. Haka muka bar kogin ba ko sallama. Abin yana cina har yau.

Shi ya sa da aka sassauta kullen korona, na ji ana neman masu sa kai su tsabtace gaɓar teku kafin baƙin gasar kofin duniya su iso, ban yi shawara da kowa ba. Duk Asabar da safe nake fita daga unguwarmu ta Bin Omran, mu yi ta tsintar robobi da gwangwanaye da tsohuwar komar masunta. Wata uku muna yi, har aka fara hango ƙasan ruwan, ƙananan kaguwa suka dawo. Na yi wa tekun wasu abin da ban yi wa kogin gidanmu ba.

An ba kowa dogon takalmin roba. Rannan zafi ya ishe ni na cire nawa, wai ni da na girma a ruwa. Wani tsohon gwangwani ya yanke ni a ƙarƙashin yatsu, ɗan yanka kaɗan.

A nan na tafka ta. A gidanmu in ka ji ciwo, da ruwan gishiri Umma ke wanke maka. Na dubi teku na ce ai ga ruwan gishiri nan Allah ya tara kyauta. Na zauna kan dutse na tsoma ƙafar na daɗe, tana zugi ina cewa magani ne ke aiki.

Washegari zazzaɓi ya rufe ni. Kowa ya ce korona ce. Na killace kaina, na yi gwaji, na kwanta jiran sakamako, ƙafa na ta kumbura ban ko kula ta ba. Da aka ce ba korona ba ce har murna na yi.

Abokin ɗakina ne ya yaye bargon. Yatsuna sun yi baƙi, ƙafar duk ta yi bororo. Ya ce, "Yalla, maza tashi. Asibiti."

Aka ɗebi jini, aka yi hoto, aka ɗaura min ruwa da allurai. Likita ya ce wata ƙwayar cuta ce da ke rayuwa a ruwan teku mai ɗumi, kuma ni da kaina na buɗe mata ƙofa. A ranar aka shiga da ni tiyata, aka cire yatsu biyu da naman da ya mutu.

Da na farfaɗo ya ɗauki biro ya ja layi a ƙasan gwiwata. Ya ce, "In jan da ƙafar nan ta yi ya haye layin, daga gwiwa za mu yanke."

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Nas ɗin da ke wanke min ciwon ta ji ina salati, sai na ji Hausa daga bayan takunkumi.

"Kai ɗan ina ne?"

"Kaduna, Anti."

"Ni 'yar Kafanchan ce, sunana Rifkatu. To ƙanena, me ya kai ka?"

Na ba ta labari. Ta girgiza kai. "Ruwan gishirin mamanka ai a tukunya take tafasa shi. Wannan wa ya tafasa maka?"

Kullum da safe ita ke kwance bandejin. Ba na duban ƙafar, idonta nake kallo. Rana ta farko jan ya hau. Ta biyu ya ƙara. Ta uku, tsakaninsa da layin bai fi faɗin yatsa ba. Ta huɗu ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Khalas, shi ke nan. Ya tsaya." Na yi kuka, ban ji kunya ba.

Duk wannan Umma ba ta sani ba. Anti Rifkatu ce ta matsa min. "Kira ta. Gara ta ji daga bakinka."

Da na faɗa mata a waya, Umma ta ce, "Ni na koya maka." Wallahi wannan ta fi tiyatar yi min ciwo. Na ce ba laifinta ba ne, wautata ce. Ban san ko ta yarda ba.

Sati biyar na yi a kwance, sannan aka shiga koyon tafiya. Inshorar makarantar da nake karatu a Doha ta ɗauki mafi yawan kuɗin. Lokacin gasar na je bakin ruwa ina dogara sanda, na tarar da baƙi daga ko'ina suna ɗaukar hoto, ruwa fes a bayansu. Na ji daɗi, amma hankalina yana Kaduna.

Alhamdu lillahi. Na gode wa likitoci, da abokin ɗakina, da Anti Rifkatu. Allah ya saka muku da alheri.

'Yan uwa, musamman mu da muka taso nesa da teku: ruwan teku ba magani ba ne. In kun yanke, ku fita daga ruwan, ku wanke da ruwa mai tsabta da sabulu. In wurin ya kumbura ga zazzaɓi, a ranar ku je asibiti ku nuna musu ciwon. Masu aikin shara a kogi ko kwata, kada ku cire takalmi komai zafi. Aikin kuwa kada a bari.

Wata mai zuwa zan je gida in Allah ya yarda. Umma ta ce kada kowa ya kawo ni da mota har ƙofar gida. In sauka a bakin titi, za ta tsaya a zaure, tana so ta ga na tako da ƙafafuna.