Ña Liduvina da Kwabban Cibiya

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Allah ya karɓi ran Ña Liduvina Cáceres a gidanta da ke nan Isla Tajy, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Ina ɗaure saniyata na ji ƙararrawar coci, kuma kafin a zo a faɗa mini na riga na san ke ce, Ña Liduvina.

Ni Cirilo Bogado ban taɓa zama a aji ba, abin da na sani a ka nake riƙe da shi. Amma na ce ba za a rufe maganarki ba sai na sa tawa, domin babu wanda ya yi gardama da ke kamar ni.

Ke ce ungozomar garin nan tun ba mu da asibiti. Rabin masu furfurar da ke zama a kasuwa yau a hannunki suka faɗo. Ana ruwa ana laka kike hawa doki ki tafi, kuma ba ki taɓa barin mai jego ba sai kin ga ta sha romon kaza. Da hannuwanki suka soma rawa kika ajiye aikin, sai ɗanki Celso ya aiko miki da na'urar nan mai gano ƙarfe a cikin ƙasa. An yi miki dariya. A nan kowa yana da labarin zinariyar da masu gudun babban yaƙin zamanin kakanninmu suka binne, don haka aka ce tsohuwa ma ta shiga sahun masu haƙa.

Ke kuwa ba zinariya kike nema ba. Maɓallan riga, kan ɗamara, harsasai, ƙusoshin kofaton doki, su kike jerawa a kan tebur a gindin mangwaro, muna miƙa wa juna ƙoƙon terere, shayin ganyenmu mai sanyi, kina faɗin wannan na wane zamani ne. Mu nan in mutum ya tsinci tsohon kwabo, lemun tsami da toka yake samu ya dirje shi har ya yi ƙyalli. Wannan ne kika hana. Ruwa kawai, da burushi mai taushi, da haƙuri. Kin sha cewa koriyar tsatsar nan ita ma shaida ce, wanda ya kankare ta ya kankare labarin.

Gardamarmu a kan filin bayan rafi take, wanda ke cikin gonar Don Wilfrido Ocampos. Kakata ta hana mu ɗaure dabba a wurin, ta ce namu suna kwance a can, kuma daga bakin uwarta ta ji. Ni tun ina saurayi nake cewa sojoji ne. Ke kuma kullum sai ki ce in kawo miki maɓalli ɗaya na soja tukuna.

Ranar da kika shiga filin, na'urar ta yi ta kuka. Kafin rana ta take, samarin gari sun iso da shebur, sun ce tukunyar zinariya ce ta fashe. Kika dasa kujerarki a tsakiyar wurin, kika ce duk wanda zai haƙa sai ya fara ɗaga ki, kuma ya tuna kin gan shi tsirara kafin uwarsa ta gan shi. Babu wanda ya matso.

Da cokali kika tona. Kwabban jan ƙarfe ne, ɗaya a nan, ɗaya a can, a jere, ba su yi zurfi ba. Na ce to ga shi, guzurin sojoji ne. Kika sa ɗaya a ƙarƙashin gilashinki mai ƙara girman abu, kika duba shi da kyau, sannan kika miƙo mini. A cikin koriyar tsatsar, gaba da baya, sai ga shatin saƙar ƙyalle, zare bisa zare.

Kika ce, "Don Cirilo, sojan nan naka ko cibiyarsa ba ta warke ba."

Kika tuna mana abin da kowace tsohuwa ta sani: ana naɗe kwabo a ƙyalle a ɗaure wa jariri a cibiya don kada ta kumbura, kuma ke ma kin ɗaura da hannunki kafin asibiti ya hana. Matan da suka gudu daga yaƙi a bakin rafin nan suka haihu cikin yunwa, suka binne jariransu da ɗaurin a jiki. Ƙasa ta cinye komai, kwabo kaɗai ya rage. Samarin suka cire huluna. Ke kuma kika mayar da kowane kwabo raminsa, kika rufe da tafin hannu.

Har gobe ina cewa in an ƙara zurfi za a tarar da soja ko da ɗaya ne. Kin ce taurin kaina ya fi ƙarfin na'urarki.

Sai dai Don Wilfrido ya riga ya ba masu noman waken soya hayar gonar, motar noma tana ta matsowa. Ya ce saboda girmanki zai bar kusurwar nan muddin kina raye, bayan haka ba zai yi alkawari ba. Shi ya sa da kika kwanta ciwo, damuwata ta zama biyu.

Ina zaune a ɗakin ranar da kika sa aka kira shi. Kika ce, "Wilfrido, ni na yanke maka cibiya, ban taɓa roƙon ka komai ba. Ka ba ni wurin kwanciya a gefen yaran nan."

Ya yi ta murza hularsa, ya ce ai akwai wuri a maƙabartar coci kusa da mijinki. Kika ce mijinki yana da abokan hira isassu a can, waɗannan kuwa ba su da kowa. Ya kalli ƙasa, ya kalle ni kamar zan cece shi, ni kuwa na kalli rufin ɗaki. Daga ƙarshe ya ce to. Fada, limamin cocinmu, ya yi ɗan gunaguni, amma ya je ya sa wa ƙasar albarka.

Can muka kai ki ranar Alhamis. Babu wanda ya umarce su, amma waɗanda kika karɓi haihuwarsu sun zo, kusan kowa da dirka a kafaɗa. Don Wilfrido da kansa ya kawo wayar shinge. Kafin a gama addu'o'in kwana tara shinge ya tsaya. Shekaranjiya na je kunna miki kyandir, na ga motar noman ta zo har bakin shingen, ta juya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Celso da ƙanwarsa Nidia, da jikokinki, da dukan mutanen Isla Tajy. Allah ya ba ku haƙuri, ya cike muku gurbin da ta bari. Ke kuma Ña Liduvina, Allah ya gafarta miki kurakuranki, ya yi miki jinƙai, ya haskaka makwancinki, ya ba ki hutawa ta har abada, ke da jariran da kika zaɓi kwana a gefensu. Amin.