Kitson da aka yi mini a gidan agana

A hutun bazarar da ta wuce, shugabar makarantarmu, wata Baturiya, ta ce kowace ɗalibar ajin ƙarshe ta bi wani ma'aikaci a garinsu, ta ga yadda aiki yake kafin ta zaɓi nata. Ni aka haɗa ni da malamin lamba, mai yi wa mutane rigakafin agana, na ɗakin shan magani a Wurno, dattijo abokin mahaifina, Baba nake ce masa. Sharaɗin shugaba shi ne in duba da ido, kada in taɓa komai.

Sai agana ta ɓulla a wani ƙauye gaba da Marnona. Muka tafi da safe, shi a keke, ni a jaki rungume da akwatin magani. A ƙofar gidan maigari ya yi ta yi wa mutane ina kallo: ya goge damtse, ya ɗiga ruwan maganin, ya ɗan karce fata da tsinken ƙarfe, ya ce a bari ya bushe.

Da muka isa gidan da cutar take, maigidan ya fito da yara, amma ya ce matansa da surukansa suna kulle, namiji ba ya wuce zaure. Baba ya yi lallashi har ya gaji, sannan ya juyo gare ni.

"Ɗiyata, kin ga yadda nika yi tun sahe."

"Baba, cewa anka yi in duba."

"To, kin duba. Shiga."

Wari na fara ji. A bakin wani ɗaki ga yarinya sa'ata kwance, ƙuraje sun rufe mata fuska har ban ga inda idonta yake ba. An yi mini lamba a makaranta, ina da tabonta, amma a lokacin sai na ga ɗan tabon nan bai isa ya tsare kowa ba.

Uwar maigida, wata tsohuwa mai kaifin baki, ta ƙare mini kallo.

"Ke 'yar boko, mi ya kawo ki? Da wanga hannu mai rawa za ki tsaga mu?"

Na janye mayafi na nuna mata tabona. Ta miƙo damtse.

"Fara da ni. In na mutu sun huta da faɗana."

Na yi mata, na yi wa sauran, ina cije leɓe. Ina rufe akwati sai na hango lemun tsami a yanke kusa da murhu, wata daga cikinsu tana matsawa wajen a hankali. Na san wannan. Haka Innata ta yi wa ƙanwata: da mai lamba ya juya baya, sai ta goge wurin da lemu da toka don kada ya kumbura. In suka goge, aikin banza na yi, kuma suna kwana gida ɗaya da mai agana. Ba ni da bakin tsawata wa matan da suka haife ni.

Sai na cire kallabina. Tsohon kitso ne a kaina, irin wanda muke yi wa juna da gaggawa a makaranta. Na juya wajen tsohuwa.

"Inna, dubi kaina. Haka za ni koma cikin mutane?"

"Subhanallahi. Wa ya yi miki wagga ta'asa, Nasara?"

Suka bushe da dariya, suka zaunar da ni a tabarma. Wannan tana tsefewa, waccan tana tsaga, mai zuwa wajen lemu aka ba ta man shanu ta riƙe, ana ta gardamar wane kitso ya dace da goshina. Hannuwan da suka yi jinyar yarinyar nan su ne cikin gashina, a wuyana, a kunnena. Na yi ta addu'a a zuci, ina satar kallon damatsansu har na ga kowanne ya bushe.

Da na fito Baba ya dubi kaina. "Lamba na aike ki, ko biki?"

Kwanakin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. Ko ɗan ciwon kai na ji sai in ruga wurin madubi in duba ko ƙuraje sun fito.

Bayan mako muka koma. Na shiga ni kaɗai, na bi su ɗaya ɗaya, kowace lamba ta kama, ta yi ruwa. Ba wadda ta ƙara kwantawa a gidan. Yarinyar ma tana zaune jingine da bango tana shan kunu. Tsohuwa ta kama kunnena ta murɗa.

"Ja'ira. Kin aza ban gane ba? Dubi yadda kinka kumbura mini hannu." Ta sake ni, ta kira wata jikarta ta aike ta gidan maƙwabta. "Ce musu su shirya, mai lamba mace ta zo."

Ranar gida gida na bi har la'asar, Baba yana jira a zaure.

Da muka koma makaranta na faɗa wa shugaba duk abin da ya faru. Ta ɓata rai a kan taɓawar, ta daɗe tana faɗa. Da ta gama ta tambaye ni wane aiki na zaɓa. Na ce mata aikin jinya.