Ranar da Duk Ajin Suka Ci Sittin da Biyu

Shekara goma sha tara ta yi tana buga takardun makarantar, tun zamanin tafireta. Da kwamfuta ta zo aka ce ko ta koya ko ta ba wani kujerar. Ta koya, har ta kai ga rubuta 'yar manhajar da ke haɗa sakamakon jarrabawa. Malamai na ce mata Anti Kwamfuta. Ofishinta tsohon sito ne, fanka sai ƙara ba iska.

Saura kwana biyu a ba da hutu, hedimasta ya shigo ya zube takardu a gabanta.

"Anti, yara arba'in, kowa sittin da biyu a lissafi? Har wanda bai zauna jarrabawar ba?"

Ta gyara tabarau. Yadda ta tsara abin, makaranta na ɗauke da azuzuwa, kowane aji da jerin ɗalibansa, kowane ɗalibi da jerin makinsa, kwano cikin kwano. Kwamfutar ba ta nuna kuskure ko ɗaya ba. Da ta taɓa wani wuri kuma, sai ga jan rubutu, wai an nemi lamba an tarar da jeri, yana nuna layin da lafiyarsa ƙalau.

Haka ta wuni tana bin layi ɗaya bayan ɗaya, ƙugunta na zogi. Maigidanta ya bugo waya.

"Ke ko ruwa kin sha yau?"

"Bar ni kawai. Yara arba'in sun haɗe min kai."

Washegari da hantsi ta mayar da makin yaro ɗaya zuwa tara, don gwaji. Duk ajin suka koma tara. Nan ta gano bakin zaren. Ashe gyaran da ta yi makon jiya ne: jerin maki ɗaya tal ta ƙirƙira, ta rataya wa sunaye arba'in, duk wanda aka shigar daga baya sai ya shafe na kowa. Layi guda ta sauya, shi ke nan. Amma makin duk azuzuwan makarantar ya riga ya tafi, sai an sake shigarwa da hannu.

Hedimasta ya leƙo. "Au, ɗan wannan ne ya ci mana kwana guda?"

Ba ta ko ɗaga kai ba. Ta tura wa malamar lissafi, wadda ta biyo shi, kujera da ƙafa.

"Zauna, ƙanwata, ki riƙa karanto min."

La'asar ta same su a aji uku, saura azuzuwa tara.