Gumin Gora

Ɗakin ajiyar takardu a ƙasan bene yake. Taga ɗaya ce gare shi, can sama kusa da rufi, kuma ba abin da take nunawa sai ƙafafun masu wucewa da tayoyin motoci. A nan Mai Fayil ya yi shekara ashirin da tara. Ya shigo da baƙin gashi da siririn wuya, takardu suna tsufa yana tsufa tare da su, har launin rigunansa ya koma irin na tsohon ambulan. Idan wasiƙa ta ɓace a hawa na uku, sai a ce a tambayi Mai Fayil. Shi kuwa zai lumshe ido, ya ɗaga yatsa, ya nufi kantar da take ba tare da lalube ba.

Akwai wani abu kuma da aka san shi da shi. An taɓa yin wani manaja da ya sauko da kansa, ya ce a ja kwanan watan wata takarda baya da mako guda. Mai Fayil ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya ce, "Yallaɓai, hatimina bai iya tafiya da baya ba." Labarin ya zaga ma'aikatar har ya isa gida. Autarsa, wadda ya rena shi kaɗai tun rasuwar mahaifiyarta, ta girma tana ba ƙawayenta wannan labari kamar wani gado da aka bar mata.

Zama ne ya ci shi. Yana da shekara hamsin da shida likita ya auna jininsa sau biyu, ya dube shi ta saman tabarau, ya ce kujerar ofis ta fi gishiri yi masa illa. Auta tana wurin. Malamar kimiyya ce a makarantar sakandare, irin mutanen nan da ba sa iya wuce leda a bakin titi ba su tsince ta ba. Ranar Asabar sai ga ta ta turo shuɗin keke cikin gida, da hular kwano rataye a kansa, da gorar ruwa maƙale a jikinsa.

"Abba, zuciyarka ta samu, iskar gari ma ta huta da hayaƙin mota ɗaya. Kilomita bakwai ne kawai."

"Kawai? Ke da baki kike auna hanya."

"Ba kai ka ce da kana saurayi har sakin hannu kake yi ba?"

"Wancan saurayin ya daɗe da yin ritaya."

Ran Litinin ya hau. Kilomita biyun farko shimfiɗaɗɗiyar hanya ce, kuma a kanta ya ji wani abu da ya manta akwai shi a duniya. Iska ta shiga ta hannun rigarsa ta fita ta wuya. Shaguna suna buɗe ido ɗaya bayan ɗaya. Ya kaɗa ƙararrawa ba don kowa ba, don dai ya ji ta. Sai ya tsallake gada, tudu ya miƙe a gabansa, dogo, marar gaggawa, wanda a cikin bas bai taɓa lura da shi ba. Ya taka, ya taka, gwiwoyinsa suka fara rawa, ƙirjinsa ya cika kamar an ɗora masa kwalin takardu. Bai kai sulusin tudun ba ya sauke ƙafa, daidai tashar bas, gaban mutum kusan ashirin.

"Baba, a kawo kujera?" in ji wani, aka yi dariya.

Bai zo masa a rai ya tura keken ba. A ganinsa, dattijo da hular kwano yana tura sabon keke, ai gara ya koma gida. Yana tsaye yana haki sai wata farar mota ta tsaya. Mai burodin unguwarsu ne, wanda ke kai kaya shagunan bayan ma'aikata kowace safiya.

"Malam, lafiya? Jefa shi baya mana, ai hanyarmu ɗaya."

A lungun bayan ma'aikata aka sauke shi. Ya hau, ya taka abin da bai fi taku ɗari biyu ba, ya shiga ƙofa. Mai gadi ya ƙame ya sara masa. Ma'aikatan da ke fitowa daga motocinsu suka tsaya, wani ya fara tafi. Ya buɗe baki zai yi bayani, sai sakatariyar manaja ta ce, "Ku dubi gumi! Sannu, Baba, ka ba mu kunya!" Sai ya rufe bakin.

Gumin ranar nan na gaske ne. Washegari ya tarar da farar motar tana jiransa a gindin gada, ya iso lungu a bushe ƙamas. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya zare gorar, ya tsiyaya kaɗan a goshi, kaɗan a gaban riga. Haka aka yi mako biyar. Dawowa gida gangare ne, ba ya buƙatar kowa. Auta takan tare shi a ƙofa, ta karɓi hular, ta ce, "Abba, yaya tudu?" Ya ce, "Yana nan inda yake." Yakan lallashi kansa da cewa bai taɓa furta ƙarya da bakinsa ba, gora ce ke yi masa maganar. Amma abinci ya daina yi masa daɗi, kuma idan ya ɗauki hatiminsa da safe ba ya son ya daɗe yana kallonsa.

Manajan yanzu matashi ne mai son gangami. Ya shirya makon kula da muhalli, ya sa aka buga hoton Mai Fayil bisa keke aka manna a bakin ƙofa, ya ce ranar Alhamis shi zai yi wa ma'aikata jawabi. Auta ta nemi izinin rabin yini a makaranta don ta zo. Ita ta rubuta masa jawabin da kyakkyawan rubutunta na malamai. Layin farko ya ce: "Kowace safiya, da ƙafafuna nake taka kilomita bakwai zuwa wannan wuri." Ya karanta layin sau uku. Wannan kam ba gora ce za ta faɗe shi ba. Shi ne zai faɗa, a lasifika, 'yarsa tana kallo.

Akwai masinja a ma'aikatar, ana ce masa Dogo. Shekara ashirin da shida yana zuwa aiki a kan wani baƙin keke da aka ɗaure mazaunin kayansa na baya da tsohuwar roba, ƙafar wandonsa ta dama maƙale da abin shanya. Ba a taɓa yi masa tafi ba. Shekarun baya ma, da aka kafa kwamitin gyaran haraba, an rubuta cewa kekuna suna ɓata fuskar ma'aikata, a mai da su bayan ɗakin janareta. Keke ɗaya ne a lokacin, kuma Mai Fayil ne sakataren kwamitin. Ya san kantar da takardar take. Shi kuwa shuɗin kekensa a gindin bishiyar gaba yake wuni, cikin inuwa.

Ran Laraba Dogo ya sauko da fayiloli, ya ajiye, bai fita ba.

"Ranka ya daɗe, in faɗi wata magana? Ba ta aiki ba ce."

"Faɗi."

"In za ka zuba ruwan nan, a baya ake zubawa. Tsakanin kafaɗu, ya gangaro. Mai keke iska ce ke busar masa da gaba. Bayansa ne ke jiƙewa."

Fanka ta ci gaba da juyawa. Mai Fayil ya ji kunnuwansa sun ɗauki zafi, ya rasa inda zai ajiye idonsa, sai ya ajiye shi a kan abin huda takarda.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar farko. Motar burodi a tsakiyar tudu take wuce ni. Ina hango hularka ta tagar baya."

"Kuma ba ka faɗa wa kowa ba."

"Wa ya tambaye ni, ranka ya daɗe?"

Ba da gatse ya faɗa ba, shi ya sa ta fi zafi. Mai Fayil ya ce da ƙaramar murya, "Tudun nan ya fi ƙarfina, Dogo. Kai yaya kake hawansa?"

Dogo ya tuntsire da dariya har ya dafa kanta. "Hawa? Wa ya ce maka ana hawansa? Ni tun ina da ƙarfina turawa nake. Daga gada in sauka, mu taka tare ni da shi muna hira, in mun kai sama in hau. Minti goma sha biyu ne. Ai turawar ma motsa jiki ce, in likita ne damuwarka."

Ya ɗauki fayilolin da za a kai sama, ya fita yana girgiza kai. Mai Fayil ya zauna. Shekara ashirin da shida mutumin nan yana shigo masa ɗaki sau biyar a rana, bai taɓa tambayarsa komai ba sai lambar fayil.

Ran Alhamis ya ɗaga wa mai burodi hannu ya ce ya wuce. Ya sauka a gindin gada, ya kama kan keken, ya fara turawa. Ya wuce tashar bas kansa a sunkuye yana jiran dariya. Ba wanda ya ɗago. Wata mata tana gyara goyo, wani yana faɗa a waya, rana tana hawa bayansa a hankali. Ya tsaya sau biyu ya huta. Da ya kai sama ya hau, ya taka sauran hanyar duka, ya shiga ƙofa rigarsa manne da bayansa.

Wata murya a cikinsa ta ce, to ai shi ke nan, yau da ƙafafunka ka zo, karanta abinka.

An jera kujerun roba a haraba. Auta tana layin gaba, ta ɗaga waya tana ɗauka, fuskarta sai walƙiya take. Dogo yana can gefe rungume da kwalin ruwa yana rabawa. Manaja ya yi dogon yabo, ya miƙa masa lasifika. Mai Fayil ya warware takardar. Ya dubi rubutun 'yarsa.

"Kowace safiya," ya fara, sai ya tsaya. Ya cire tabarau. "Ba kilomita bakwai ba ne. Biyu ne da ɗan wani abu. Sauran motar burodi ce ke kawo ni, ta sauke ni a lungun baya. Gumin da kuke gani kuma ruwan gora ne. Yau ce rana ta farko da na zo da kaina, ita ma turo shi na yi a tudu."

Aka fashe da dariya, an zaci raha ce. Da aka ga bai yi ba, dariyar ta mutu kujera bayan kujera.

"Mai keken ma'aikatar nan ga shi can yana raba muku ruwa. Kekensa yana bayan janareta. Ni na rubuta takardar da ta kai shi can."

Dogo ya tsaya da gora a hannu, kamar wanda aka kama da laifi. Manaja ya yi wuf ya karɓe lasifikar, ya ce Baba akwai barkwanci, a tafa masa, a shiga batu na gaba. Aka tafa tafin da bai kai kunne ba. Mai Fayil bai ga wannan duka ba. Abin da ya gani kawai shi ne wayar Auta tana sauka a hankali har ta kwanta a cinyarta.

Kafin azahar an ɓamɓare hoton. Daga ranar kuma ya samu sabon suna a hawa na biyu, Fasinjan Burodi, wanda ya bi shi har ya bar aiki. Yakan amsa.

Amma a ranar, da ya sauka ɗakinsa, takun Auta ne ya biyo shi. Ta zauna a kan wani kwali, jakarta a ƙirji. Ta daɗe tana kallon kantoci.

"Na ba ɗalibaina labarinka, Abba. Aji uku. Na ce musu mahaifina yana da shekara hamsin da shida."

"Na sani."

"Me zan ce musu gobe?"

"Ki faɗa musu duka. Kada ki rage min komai."

"Da ka ce min ba ka iyawa, cinye ka zan yi?"

"Ke kika kawo keken. Na ga yadda kike kallona in na fita da shi."

Ta goge gefen ido da bakin mayafi. "Zan yi kwana biyu ba na yi maka magana sosai."

"Na cancanta."

"Ba shawararka na nema ba."

Ta miƙe, ta gyara jaka, ta kai bakin ƙofa. Sai ta juyo rabi, ba ta dube shi ba.

"Motar nan. A gaba kake zama, ko a cikin burodin?"

"A cikin burodin. Ina riƙe da keken kada ya faɗa kan kaya."

Ta cije leɓe, ta fita. Ya saurari takunta a kan matakala. A tsakiyar benen takun ya tsaya, ya jiyo wani sauti da bai iya tantancewa ba, ko dariya ce ta ƙwace mata ko kuka. Bai tashi ya leƙa ba.