Dutsen kwallin Inna

Shekarun baya, lokacin ina sabon shiga aiki da masu binciken ma'adinai a kudancin jihar nan, matata ta haifa mana ɗanmu na fari. Ita marainiya ce tun tana ƙarama, don haka mahaifiyata ta taso daga Argungu ta sauka gidanmu a unguwar Gesse cikin Birnin Kebbi don ta yi mata wankan jego. Ni kuwa haihuwar ta same ni a daji. Na iso Birnin Kebbi ana saura 'yan kwanaki suna, da ƙura har cikin kunne, da akwatin na'urar aiki da shugabanmu ya ce in ajiye a wurina kafin a buɗe ofis.

Na'urar ta hannu ce, siffarta kamar bindiga. Ka ɗora bakinta a kan dutse ka danna, nan take ta rubuta maka irin ƙarafan da ke ciki. Da can sai an aika dutse wani gari an yi ta zaman jira. Ina ji da ita sosai, har tafiyata ta canza tun da aka koya mini riƙe ta.

Washegari da hantsi na tarar da Inna a tsakar gida tana niƙa kwalli. Wani dutse ne mai nauyi da ƙyalli, tana ɓantara tana murzawa. Nan take na gane shi, domin irinsa na yi makonni ina tsinta a bakin ramukan masu haƙar zinare, kuma mu a wurin aiki dutsen dalma muke ce masa. Kowa a ƙasar nan ya ji abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan haƙar zinare. Na leƙa fuskar jaririn, idanunsa raɗau da kwalli.

Na ja matata gefe na ce ta yi wa Inna magana. Ta dube ni sama da ƙasa. "Ni zan hwaɗa ma Inna kwallinta guba na? Matar da ka tashi da assalatu ta dahwa min ruwa? Kai ad da ilimin, je ka hwaɗi."

Ni da nake yi wa injiniyoyi bayani ba gargada, sai ga ni ina zagaye tsakar gida na rasa ta inda zan fara. Ƙarshe dabara ta zo mini, na ɗauko na'urar na zauna kusa da ita kamar mai neman a yaba masa.

"Wagga bindiga taka, halan ba ta tashi?" in ji ta.

Na ce ba ta harbi, sunan ƙarfe kawai take faɗa, amma ba a nuna wa mutum ita. Ta miƙo cokali, na'ura ta ce sanholo. Ta cire warwaronta, ta ce tagulla. Inna ta yi ta dariya, ta ce lallai abin ya san aikinsa. Sai da kanta ta ɗauko dutsen kwallin ta ajiye a gabana, fuskarta cike da alfahari. Ta ce na mahaifiyarta ne, in tambayi bindigar ko ta taɓa ganin mai kyansa.

Na danna. Na san abin da zai fito, duk da haka na roƙi Allah ya sa na yi kuskure.

"Mi tac ce?"

"Dalma ce, Inna."

Dalma ba baƙuwarta ba ce. Marigayi mahaifina masunci ne, ita yake maƙala wa bakin birginsa, wato ragarsa ta kamun kifi, don ya nutse a gulbi. Ta ce, "Dalmar birgi? Ai kwalli sunna na." Na ce ba kwalli ne da laifi ba, wannan dutsen ne. Na yi mata bayani a hankali, cewa jariri yana murza ido ya kai hannu baki, gubar ta taru a jini, ta taɓa ƙwaƙwalwa ba tare da an gani ba.

 Na zaci faɗa za ta yi, ta ce boko ya ɓata ni, har na shirya amsa. Amma da ta buɗe baki, muryarta ƙasa-ƙasa ce.

"Dukanku da shi niy yi muku. Har ƙanenka." Tana nufin wanda ke bi na, da ya rasu bai kai yaye ba. "Hwaɗa min gaskiya, shi yak kashe min shi?"

 Tausayinta ya kama ni har na ji na tsani na'urar da ke hannuna. Na ce mata ƙyanda ce, ita da kanta ta sha ba ni labarin yadda cutar ta kwashe yaran unguwa a shekarar, kuma kwanansa ne ya ƙare. Ta gyaɗa kai, ta share ido da bakin mayafi. Sannan ta ce matata ta kawo ruwan ɗumi da auduga, ta ɗora jaririn a cinya ta goge masa ido tas, tana ce masa, "Yi haƙuri angona, ban sani ba."

Mun kai shi asibiti aka duba jininsa, likita ya ce ba abin damuwa tunda an tsaya da wuri. Sauran fargabata ranar suna ce, don na san 'yan Argungu za su cika gida.

Ranar sunan ina waje da maza, matata ce ta ba ni labari daga baya. Wata gwaggona ta ɗauki yaron ta ce, "Wanga wane irin jego na, yaro ido hwari awa na kihi?" Ta zaro nata tandun kwallin daga jaka. Mata suka juyo suna kallon matata, don a ganinsu 'yar birni ce ta kawo sabon salo. Inna ta miƙa hannu ta karɓe jikanta ta ce, "Ni nih hana. Angona na, haka nika son shi." Ba ta ambaci sunana ba, ba ta ambaci na'ura ba. Sai da taro ya watse ta ja gwaggon ɗaki ta gaya mata dalili, don ita ma tana da jikoki.

Yaron yanzu yana firamare, surutu kamar rediyo. Na ga na'urori iri-iri tun daga lokacin, har masu tashi sama suna leƙa ƙarƙashin ƙasa, kuma na gane cewa karanta abin da ke cikin dutse shi ne mai sauƙi. Mai wuyar shi ne a ce maka abin da ka yi shekaru kana yi don ƙauna yana cutarwa, ka karɓa nan take, har ka tsaya wa wasu a kai.

Daga baya na saya mata wani kwalli da na gwada na tabbatar ba dalma a ciki. Ta yi godiya, ta ba ƙanwata. Ita Inna ba ta ƙara sawa ba. Har yau idan na je Argungu ta ɗago kai ta dube ni, sai in ji kamar ba ta da lafiya, don ban saba da idon Inna ba kwalli ba.