Ciwon Ƙodata da Fada Istifanus

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na san shiruna ya yi yawa. Masu kira ba su same ni ba, masu tambaya a wannan dandalin ban ba su amsa ba. Ku yafe mini, jinya na yi.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Abakar, daga Maine-Soroa a Nijar. Gyaran injin ban ruwa ne ya kawo ni Gashua, na bar matata Falmata da yara a gida.

Da na zo ban san kowa ba. A rumfar wani mai shayi nake kwana, har ranar da aka kira ni gyaran famfo a cocin Katolika. A nan na haɗu da limamin cocin, Fada Istifanus. Da azahar ta yi, shi ya shimfiɗa mini tabarma a inuwa ya nuna mini gabas. Shi kuma ya samo mini ɗakin haya. Tun daga nan yamma ba ta wucewa ba mu sha shayi tare ba.

Da zazzaɓi ciwon ya fara, sai amai da gudawa. Na sayi ƙwayoyi a kemis, na haɗa da jiƙo. Sai fitsari ya ɗauke. Ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga.

Duk mazaunin Gashua ya san abin da ake tsoro in an ga haka: ciwon ƙoda. Na rufe ɗaki na yi shiru.

Da Fada ya ga ban zo ba, sai ya biyo sawu. Ya danna ƙafata da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba.

Ya ce, "Malam Abakar, tashi mu tafi."

Na ce, "Fada, bari mu ga gobe."

"Goben a asibiti za ka gan ta."

A Gashua aka ɗebi jinina, aka tura mu Nguru. A tsohuwar motarsa ya kai ni, yana tsayawa duk lokacin da amai ya taso. Likita ya duba sakamako ya ce, "Ƙodarka ta tsaya, amma ba lalle ne ta mutu ba. Sai mun yi maka wankin ƙoda."

Nas ta ce, "Ina ɗan uwan mara lafiya?"

Na sunkuyar da kai. Fada ya ce, "Ga ni."

Aka sa mini robar wankin a wuya. Kuɗin wanki ɗaya ya fi abin da nake samu a wata. Fada ya faɗa wa jama'arsa ranar Lahadi suka haɗa kuɗi, manoman da nake wa gyara su ma suka haɗa nasu a masallaci. Da aka ce jinina ya yi ƙasa, Fada ya naɗe hannun riga aka ɗebi nasa.

Abin da ya fi damuna shi ne salla. Ba na iya tashi, balle alwala. Wata rana ya tarar ina hawaye, na faɗa masa. Ya tashi ya fita. Can sai ga shi da yashi mai tsabta a kwano.

"Na je wurin wani malami. Ya ce ka yi taimama, ka yi sallarka a kwance. Sai da na sa ya maimaita mini, kada in kawo maka kuskure."

Falmata ta iso daga Maine-Soroa. Ta durƙusa a gaban Fada ta ce, "Baba, ban san me zan ce ba."

Ya ce, "Ki ce masa ya daina shan jiƙo."

Wata safiya fitsari ya dawo. Falmata ta ɗauki robar tara fitsarin ta nufi wurin nas tana dariya tana kuka. Bayan wasu gwaje-gwaje likita ya ce ƙodar ta farfaɗo, an gama wanki.

Yanzu ina Gashua. Ban koma aiki ba tukuna, ina dai zuwa awo, amma ina tafiya da ƙafata. Alhamdulillahi.

'Yan uwa, in fitsari ya ragu ko ƙafa ta kumbura, ku tafi asibiti a ranar. Ku bar haɗa ƙwayoyin kemis da jiƙo. In gudawa ta kama ku, ku sha ruwan gishiri da sukari tun da wuri. Baƙon da ke unguwarku kuma, in kun daina ganinsa, ku ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Na gode wa likitoci da nas-nas, da duk wanda ya ba da abin da ya samu. Allah ya saka da alheri.

Fada ba ya shiga nan, ba zai ga wannan rubutun ba, ni kuma in na fara yi masa godiya sai ya canza magana. Don Allah, duk wanda ya gamu da shi a hanya, ya riƙe hannunsa ya ɗan daɗe, a madadina.